Baba, Tunda An Gafarta Mini, Dole Ne Sai Na Tona Kaina?

Tambaya:

Salama Baba, gaisuwa cikin sunan Yesu. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni saurayi ne, na yi aiki a shagon kayan gini na ƙanin babana, kusan shekara biyu ina ɗiban kuɗi a durowa kaɗan kaɗan ba wanda ya sani. Da aka yi lissafi aka ga giɓi sai zargi ya faɗa kan wani yaron shago da ba danginmu ba, aka kore shi ni kuma na yi shiru, har yau a unguwarsu ɓarawo ake ce masa. Bayan nan na tuba a wani taron farkawa, na shiga ajin baftisma aka yi mini baftisma, yanzu ina cikin mawaƙa kuma an kusa sa ranar aurena. Amma abun nan ya hana ni barci. Abokina a zumuntar matasa yana turo mini bidiyon wani mai wa'azi da ke cewa Yesu ya riga ya biya zunubin jiya da na yau da na gobe, Allah ba ya ganin zunubin mai bi, wai damuwar da nake ji daga Shaiɗan take, in na je na tona kaina na raina jinin Yesu kenan. Wani dattijo kuma da na yi wa tambayar a kaikaice yace wanda bai mayar da kayan sata ba wuta zai shiga ko sau goma aka yi masa baftisma. Baba wanne ne gaskiya? In an gafarta mini zunubin yana da sauran nauyi kuma?

Amsa:

Salama ɗana, Ubangiji ya ba ka ƙarfin zuciya. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, in tuban da ka yi na gaskiya ne toh an gafarta maka, gafara cikakkiya, kuma duk da haka sai ka je ka wanke yaron nan ka kuma mayar wa baffanka kuɗinsa. Nasan ba abinda kake so ka ji kenan ba ana dab da sa ranar aure, amma ka daure ka karanta har ƙarshe don yadda zaka bi ka yi abun shima yana da muhimmanci, zan zo kansa.

Bari in fara da dattijon tunda maganarsa ce ta fi firgita ka. In abinda yake nufi shine mayar da kuɗi ne ke sayo maka gafara wurin Allah, wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki bace. Afisawa 2:8-9 ta faɗa a fili cewa ta wurin alheri aka cece mu ta hanyar bangaskiya, kyauta ce daga Allah ba ladan aikin kowa ba, don kada wani ya yi fahariya. Ka tuna ɗan fashin nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23, mutumin da shi da bakinsa yace hukuncin da ake yi masa ya dace da shi, ba shi da halin sauka ya mayar wa kowa ko sisi, amma Yesu yace masa a ranar zai kasance tare da shi a Firdausi. Kaga in da sai an biya ake samun gafara da wannan mutumin ya halaka. Sai dai kar ka yi saurin watsar da dattijon, akwai gaskiya a ƙarƙashin zafin maganarsa. Ɗan fashin can ba shi da dama, kai kana da ita, kana da ƙafa kana da baki ka kuma san hanyar shagon. Ezekiyel 33:15 da take kwatanta mugun da ya juyo daga muguntarsa ta haɗa har da mayar da jingina da biyan abinda ya ƙwace. Mutumin da yake da halin gyarawa, ya san ya kamata, ya ƙi da gangan shekara da shekaru yana cewa ai an yafe, dole a tambayi wane irin tuba ya yi. Abinda dattijon yake so ya faɗa kenan, sai dai ya faɗe shi da kaushi.

Sai mai wa'azin abokinka. Irin wannan wa'azin ya cika waya yanzu, kuma abinda yasa yake kama mutane shine rabinsa gaskiya ne. Romawa 8:1 tace babu sauran hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, haka ne. Mutuwar Yesu ta isa, hadaya ɗaya ce ba a ƙara mata komai, haka ne. Matsalar a inda ya tsaya take. Manzo Bulus ɗin da ya rubuta sura 8 shi ya rubuta sura 6 ta wannan wasiƙar, kuma ya riga ya hango tambayarka. A ƙarshen sura 5 yace inda zunubi ya yawaita alheri ya fi shi yawaita, nan take sai ya tambaya, toh sai mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya amsa da a'a mai ƙarfi, yace mu da muka mutu ga zunubi ta yaya zamu ci gaba da zama a cikinsa, kuma hujjar da ya kawo ita ce baftismar nan da aka yi maka, an binne ka tare da Almasihu don ka tashi ka yi sabuwar tafiya. Da ya kai aya 15 ya sake maimaita tambayar ta wata fuska, ya sake cewa a'a, ya ƙara da cewa duk wanda kake yi wa biyayya kai bawansa ne. A wurin Bulus wanda aka gafarta wa ya canja ubangida, toh ba zai yiwu ka ce ka bar gidan tsohon ubangida kana kuma riƙe masa ajiya ba.

Maganar cewa Allah ba ya ganin zunubin mai bi kuwa, ɗana ka buɗe Wahayin Yahaya sura 2 da 3 ka karanta da kanka. Yesu ne bayan ya tashi daga matattu yake magana da ikkilisiyoyi bakwai, mutanen da ya fansa da jininsa, yana ce musu ya san ayyukansu, kuma a biyar daga cikin bakwai ɗin akwai kira ga tuba. In ba ya gani me ya sani? Wasiƙar Yahaya ta fari (Yohanna in tsohon juyi ne a hannunka) 1:8-9 tace in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi, in kuwa mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci zai gafarta mana ya tsarkake mu. Masu irin wancan wa'azin sukan ce wai wannan ayar da marasa bi take, amma Yahaya "mu" yace, ya sa kansa a ciki, kuma ayoyi kaɗan a gaba ya kira masu karatun 'ya'yansa ƙanana. Addu'ar Ubangiji ma da muke yi duk Lahadi almajirai aka koya wa ita, kuma akwai roƙon gafara a tsakiyarta. Afisawa 4:30 tace kada mu ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, toh ai ba a ɓata ran wanda bai damu ba.

Ka ɗauki ɗan da ya yi wa babansa babban laifi. Sunan uban bai fita daga kansa ba, ɗakinsa na nan, rabonsa na gado na nan, amma in uban ya shigo ta ƙofar gaba shi sai ya sulale ta baya, ba ya iya zama su ci tuwo kwano ɗaya. Zamansa ɗa bai taɓu ba, zumuncin ne ya lalace, kuma uban da ya damu da ɗansa ba zai bar abun haka ba sai ya kira shi. Ibraniyawa 12 tace wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake yi wa horo, har tace wanda ba a yi masa horo ba ɗan halal bane. Rashin barcin nan naka ni a nan na ajiye shi.

Kuma kar ka ɗauka wannan gardamar ta zamanin YouTube ce. Yahuza aya 4 ta riga ta yi kashedi kan masu mayar da alherin Allah hujjar lalata. Martin Luther, wanda duk mu 'yan Furotesta muke tinƙaho da shi kan cewa ceto ta bangaskiya ne kaɗai, maganar farko cikin batutuwa 95 da ya fitar a 1517 cewa yayi duk rayuwar mai bi ta zama ta tuba. Da wani ɗalibinsa Johann Agricola ya fara koyar da cewa a daina yi wa Kirista wa'azin Dokar Allah, Luther da kansa ya tashi ya yi rubutu a kansa a 1539, bai raga masa ba duk da kusancinsu. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus ɗin nan da 'yan Nazi suka rataye a 1945, tun 1937 yake kuka kan alheri mai araha, wato wa'azin gafara ba tare da tuba ba. Ya ga abinda hakan ya jawo a ƙasarsa, coci cike da mutanen da suka tabbata an yafe musu suna kallon ana zaluntar maƙwabtansu bakinsu a rufe.

Gaskiya ne ɗarikunmu ba su zama baki ɗaya ba kan me zai faru da mai bin da ya nace a zunubi. 'Yan Katolika sun raba zunubi gida biyu, mai nauyi da ke yanke mutum daga alheri da ƙarami da ke raunana shi, kuma mai nauyin sai an je wurin Fada an furta, sannan koyarwarsu a rubuce take cewa wanda ya cuci wani ya yi iya ƙoƙarinsa ya gyara, ya mayar da kayan sata ya kuma gyara sunan wanda ya ɓata wa suna. Waɗanda suka bi layin John Calvin, kamar yadda aka tsayar a taron Dort na ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619, sun ce wanda Allah ya ceta da gaske ba zai ɓace ba har abada, amma su ɗin dai sun ce mai bi zai iya faɗawa babban zunubi ya ɓata wa Ruhu rai ya rasa jin daɗin fuskar Allah har sai ya juyo, kuma juyowar nan ita ce alamar nasa ne. Mabiyan John Wesley da Pentikostal da yawa kuwa sun ce mutum zai iya taurare zuciya har ya fita daga bangaskiya ɗungum. An daɗe ana wannan muhawarar kuma ba a nan za a gama ta ba. Abinda nake so ka lura da shi shine ka kai labarinka gaban Fada ko faston Baptis ko na COCIN ko na Deeper Life da aka san su da koyarwar mayar da haƙƙi, in dai mai riƙe da koyarwar cocinsa ne ba wanda zai ce maka ka bar yaron nan da sunan ɓarawo.

Yanzu ga abinda ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Kana magana kamar zunubin na jiya ne, an yi an gama. Ɗiban kuɗin na jiya ne, na yarda. Amma shirun na yau ne. Duk safiyar da yaron nan ya fita neman aiki wani ya raɗa wa mai shago cewa kar ka ɗauke shi hannunsa ba kyau, duk ranar da mahaifiyarsa ta sunkuyar da kai a cikin mata, duk yarinyar da ya nema iyayenta suka bincika aka ba su wannan labarin, kai kaɗai ne a duniya kake riƙe da maganar da zata kawo ƙarshen abun kuma ka zaɓi ka riƙe ta. Saboda haka tambayar ko tsohon zunubin da aka yafe yana da sauran nauyi ma ba ita ce a gabanka ba tukuna, a gabanka akwai shaidar zur da take ci gaba da tafiya, doka ta tara cikin Dokoki Goma, kuma kana sabunta ta kullum. Allah ya yafe maka laifin da ka yi masa. Yaron bai ma san kai ne ba balle ya yafe, kuma gafarar da ka samu ba ta mayar masa da aikinsa ba.

Ka duba Sarki Dawuda a 2 Sama'ila 12. Da annabi Natan ya tsare shi kan ɗauke Batsheba matar Uriya da kuma sa a kashe mijin, ya amsa laifinsa, nan take Natan yace masa Ubangiji ya kawar da zunubinka ba zaka mutu ba. Gafara ta fito ba jinkiri. Amma Uriya bai tashi daga kabari ba, jaririn da Batsheba ta haifa masa ya mutu, takobi bai rabu da gidan ba kamar yadda aka faɗa, ka bi labarin 'ya'yansa Amnon da Tamar da Absalom ka gani. Ba ina cewa duk wahalar da ta samu mai bi sakamakon wani zunubi bane, Yesu ya hana almajiransa wannan lissafin a Yahaya 9 kan mutumin da aka haifa makaho. Ina nuna maka ne cewa a Littafi Mai Tsarki kansa ana yafe wa mutum sarai abinda ya aikata kuma ya ci gaba da aiki a duniya. Bambancinka da Dawuda shine naka Uriyan yana raye, kana iya samunsa.

Kan ko damuwar daga Shaiɗan take, akwai yadda ake ganewa. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki biyu, na ibada da ke kai ga tuba da na duniya da ke kai ga mutuwa. Zargin Shaiɗan ba shi da ƙofar fita, cewa yake kai munafuki ne, Allah ya gaji da kai, ka daina zuwa coci, ba amfani. Tsawatawar Ruhu Mai Tsarki kuwa tana nuna abu takamaimai ta kuma nuna hanya, wancan yaron, wancan kuɗin, tashi ka je. Ka saurari naka da kyau, in ka ji wanda ke cewa ba ka da sauran bege ka ƙi shi da Romawa 8:1 ɗin nan, hakkinka ne. Wanda ke ce maka je ka gyara kuwa kar ka kuskura ka tsawata masa da sunan Yesu, tunda Shaiɗan da aka kira uban ƙarya ba zai dame ka da ka je ka faɗi gaskiya ba. Dawuda a Zabura 32 yace lokacin da ya yi shiru ƙasusuwansa sun lalace, hannun Allah ya yi masa nauyi dare da rana, sai da ya furta ya samu sauƙi.

Kuma zuwa ka gyara ba raina jinin Yesu bane. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 sai da Yesu ya riga ya kira shi ya shiga gidansa sannan ya miƙe yace rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya sa masa sharaɗi, karɓar da aka yi masa ce ta buɗe masa hannu, kuma Yesu bai ce masa zauna ka raina alheri ba, cewa yayi yau ceto ya zo gidan nan. A Matiyu 5:23-24 Yesu yace in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Kai da kake tsayawa gaban jama'a da waƙa duk Lahadi wannan ayar da kai take kai tsaye.

Toh yadda zaka yi. Kar ka tashi gobe da zafin zuciya ka faɗa shagon, kar kuma ka rubuta a WhatsApp ko ka miƙe lokacin shaida a coci ka zazzage komai, wannan zai sauke maka nauyi kai amma zai kunyata baffanka a bainar jama'a ya ƙara dagula abun. Ka fara da fastonka, kai da shi, ka faɗa masa duka da sunanka ba a kaikaice ba kamar yadda ka yi da dattijon. In kana da dalilin tsoron maganar zata fita kafin lokaci ka zaɓi dattijo ɗaya mai riƙe sirri wanda baffanka yake jin nauyinsa. Wannan ba sabon abu bane, da Unisimas ya tuba a hannun Bulus bayan ya gudu daga gidan ubangidansa Filimon, Bulus mayar da shi yayi amma da wasiƙa a hannu, har yace in akwai bashi a kansa a lissafa a kaina. Kaima kana bukatar mai tsaya maka haka, musamman da yake baffa in ransa ya ɓaci zai iya cewa sai caji ofis, zaman babba a wurin shi ke sanyaya irin wannan.

Kafin ku je ka zauna da biro da takarda ka yi lissafin abinda ka ɗiba iya saninka, in kana kokwanto tsakanin adadi biyu ka ɗauki babban. Ka kuma tuna kuɗin lokacin ba na yanzu bane, duk wanda ya sayi buhun siminti kafin a cire tallafin mai a 2023 ya kuma saya yau ya san naira ta zube, baffanka ɗan kasuwa ne ya fi ka sani. Littafin Firistoci 6:1-5 da yake magana kan wanda ya ci amana ko ya yi sata yace ya mayar da abun cikakke ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar. Ba muna ƙarƙashin wannan dokar a matsayin sharaɗin ceto bane, amma ta nuna maka yadda Allah yake kallon adalci, wanda aka cuta kar ya fita da asara. In ba ka da kuɗin gaba ɗaya ka je da abinda kake da shi a hannu ko kaɗan ne, ka faɗi nawa zaka iya bayarwa duk wata, a rubuta, dattijon ya zama shaida. In ya kama a rage hidimar biki a rage. In baffa yace ya yafe kuɗin toh ka karɓa da godiya, haƙƙinsa ne, amma shi zai faɗa ba kai zaka roƙa tun daga bakin ƙofa ba.

Nasan dabarar da zata zo maka, ka tura kuɗin ta POS ba suna ka ce shikenan na biya. Wannan zai cike durowa amma yaron yana nan da sunan ɓarawo, kuma shi ne babban wanda aka cuta. Sai ka same shi ido da ido, da rakiyar babba, ka faɗa masa ni ne na ɗauka na kuma bari aka ɗora maka. Kar ka kawo uzuri, kar ka yi masa wa'azi, kar ka ce ai yanzu na tuba kamar wanda ya zo karɓar bashi. Zai iya zaginka, zai iya kuka, zai iya tashi ya bar ka a zaune, duk yana da gaskiya, kuma ba dole ya yafe maka a ranar ba ko ma a shekarar, wannan tsakaninsa da Allah ne. Naka shine wankewar ta kai inda ɓatancin ya kai, baffanka ya je ko ya aika wa iyayensa, mai unguwarsu ya ji, 'yan kasuwar da aka faɗa wa ɓarawo ne su ji cewa ba shi bane. Ka kuma tambaye shi albashin da ya rasa da wahalar da ya sha, ka yi masa wani abu a kai gwargwadon ƙarfinka. In ya bar garin ka neme shi ta danginsa, yanzu da waya ba wanda ke ɓacewa haka nan.

Coci zata iya sa ka a horo, a ce ka sauka daga mawaƙa ka dakata da cin jibin Ubangiji na wani lokaci. In haka ta faru ka karɓa kar ka gudu wata coci, ni da zan so ma kai ka fara cewa zaka ɗan sauka har a gama. Fastoci da dattawa masu karanta wannan kuma dan Allah ku tuna 2 Korantiyawa 2:6-8, inda Bulus yace wa ikkilisiya horon da aka yi wa mai laifin ya isa, su yafe masa su ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Yaron da ya kawo kansa ba wanda ya kama shi in kuka wulaƙanta shi kun koya wa sauran matasa su riƙa ɓoyewa.

Sai yarinyar da zaka aura. Ka faɗa mata da bakinka bayan ka ga fasto, kafin ka je wurin baffa, kar ta ji a bakin mutane. Ba zan yi maka alkawarin zata tsaya ba, ko iyayenta ba zasu ce a ɗaga ba, zai iya faruwa kuma zai yi zafi. Amma tana da hakkin ta san wanda zata aura kafin ta tsaya gaban bagade, kuma kuɗin da zaka riƙa biya duk wata daga tukunyar gidanku zai fita. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in maganar ta fito bayan shekara biyar da 'ya'ya a tsakani abinda zata tambaye ka shine me kuma ka ɓoye mini.

Abokinka kar ka yi faɗa da shi, da alama so yake ya ga ka samu salama. Ka ce masa ku zauna ku karanta Romawa 6 daga farko har ƙarshe, da Titus 2:11-12 inda aka ce alherin nan da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah, sannan ka roƙe shi ya daina turo maka bidiyon har ka gama wannan al'amarin. Ka nemi ganin faston cikin satin nan kafin a sa ranar, don in aka sa zai fi maka wuyar buɗe baki, in kun zauna ka sake rubuto mini yadda ta kaya, ina sa ka da yaron nan a addu'a.